Serti zuwa Gembu a kan keken tsere: yini ɗaya ko kwana uku?

Sadiq Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar tafiyar keke zuwa tsaunin Mambila na jihar Taraba da muka daɗe muna ja, ina so mu yanke ta a wannan makon. Ga shawarata: mu ɗora kekuna a mota zuwa Jalingo, mu bi ta Bali mu kwana a Serti. Washegari bayan asuba mu hau keke, mu wuce Mayo Selbe, mu haye dutsen, Maisamari, Nguroje, mu shiga Gembu kafin magariba. Na duba taswira, nisan bai wuce na Kano zuwa Zariya ba, kuma da yawanmu a nan mun yi Zariya a yini ɗaya. Rana ta biyu mu ƙarasa bakin iyakar Kamaru, mu yi hoto, mu juyo. Mai gyara ya gyara.

Abba Jirgi: Wa alaikumus salam. A sa sunana a farko. In dai an fita ƙarfe shida, a Gembu za mu yi la'asar.

Baffa Hamman: Wa alaikumus salam. Sadiq ɗana, wayarka tsawon hanya ta gaya maka, ba ta gaya maka tudu ba. Ni a Nguroje aka haife ni, kuma a kan hanyar nan na ci abinci da tuƙin mota har furfura ta fito. Daga Serti zuwa Mayo Selbe ba laifi, ƙasa ce mai zafi, hawa da sauka kaɗan-kaɗan, ga dajin Gashaka Gumti a gefenka. Daga Mayo Selbe zance ya canza. Bangon dutsen a wasu wurare ya kai mita 900, hanya kuma kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Za ku tarar da babbar mota tana jan ciki, yaron mota yana biye da ita a ƙasa da ƙaton dutse a hannu, tana tsayawa ya cusa mata a bayan taya.

Amma ba wannan hawan nake jiye muku ba. Shi kowa ya san da zamansa, kowa zai shirya masa. Abin da zai karya ku yana can sama. Mutum yana hayewa zai ga fili ya buɗe, ciyawa iyakar ganinsa, shanu a kan kowane tudu, ya ce alhamdu lillahi an gama. Ba a gama ba. Daga Maisamari har Gembu da wuya ka yi minti goma a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ka sauka kwari, ka tsallake ɗan rafi, ka hau. Kana kaiwa sama ka hango na gaba yana jiranka, bayansa akwai wani. Babu wanda ya yi tsawon da zai ba ka tsoro, shi ya sa za ka riƙa taka kowanne da ƙarfi, kafin azahar ƙafa ta mutu.

Abba Jirgi: Baffa, da girmanka, ai abin da tudu ya ci gangara za ta biya. Ka hau a hankali, ka sauko a guje, lissafi ya dawo daidai.

Injiniya Tukur: Abba, wannan lissafin ne ya kwanar da mutane da yawa a hanya. Ɗauki biro. Ka ce tudu kilomita ɗaya ne hawa, kilomita ɗaya sauka. Ka hau a gudun kilomita 10 a awa, minti shida ke nan. Ka sauko a gudun 40, minti ɗaya da rabi. Kilomita biyu a minti bakwai da rabi, wato 16 a awa, ba 25 da kake tsammani ba. Dalili a fili yake: a hawan kake daɗewa, gangarar kafin ka sha ruwa ta ƙare. A hanyar Zariya kuna riƙe 27 ko 28 saboda kuna jere, kowa yana fakewa bayan ɗan uwansa daga iska. A hawa wannan fakewar ba ta da wani amfani, kowa nauyinsa yake ɗauka.

Sannan ka tara tuddan. A ce kowanne tsayinsa mita 50 ne kawai, ka haye talatin, ka hau mita 1,500 ke nan, bayan wanda ka riga ka hau a Mayo Selbe. Misali na bayar, ban ce na ƙirga su ba. Ga kuma iska. Tsaunin a matsakaici yana wajen mita 1,600 sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba. A can duk numfashin da ka ja, iskar da ke shiga ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka gwada da bakin teku. Ba za ta kayar da kai ba, amma ƙarfin da ka saba ji a ƙafarka ba za ka same shi duka ba, musamman kwana biyun farko.

Alhaji Sani Mai Raleigh: Ikon Allah. Yaran zamani sai an yi musu lissafin jami'a kafin su hau keke. Mu da muka yi fatauci a kan Raleigh da Phoenix, giya ɗaya tal, buhu a baya, wa ya auna mana iska? Inda ya yi tsauri ka sauka ka tura. Turin keke ba abin kunya ba ne.

Maman Ilham: Alhaji, a nan kam na bi bayanka. Sai dai takalmin da yaran nan suke sawa mai maƙalewa a feda ba ya turuwa. Ƙarfe ne ko roba mai tauri a ƙarƙashinsa, a kan kwalta mai gangara santsi yake. Duk mai niyyar turi ya jefa silifas a aljihun riga.

Alhaji Sani Mai Raleigh: To kin ji. Keken miliyoyi, takalmin da ba ya tafiya.

Oga Lawal Bakanike: Salamu alaikum. Ku bar ni in yi magana a kan abin da na sani, don rabin kekunan zauren nan ta hannuna suka bi a nan Jos. Yawancin na gwanjon da kuka saya na tseren shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Ƙaramin farantin gaba haƙora 39, babbar giyar baya haƙora 25. Da wannan, duk juyin feda ɗaya keke yana tafiya mita uku da ɗoriya. A Kano daɗi ne. A hawan da Baffa yake faɗa, gwiwa ce za ta biya. Abin da ake so shi ne 34 a gaba, 32 ko 34 a baya, juyi ɗaya mita biyu da kaɗan.

Injiniya Tukur: Bari in ƙarasa maka, Oga. A gudun kilomita 8 a awa, mai 39 da 25 yana juya feda sau 40 a minti, mai 34 da 32 yana juya ta sau 60. Gudu ɗaya, amma na farko daka yake da tsokar cinya, na biyu yana raba aikin da huhu. Tsoka in ta ƙare ta ƙare sai gobe, numfashi kuwa ka ɗan sassauta ya dawo.

Oga Lawal Bakanike: Haka ne. Amma kada kowa ya ruga kasuwa ya sayo giya mai 32 ya ce in ɗaura masa. Hannun da ke canza giyar baya iri biyu ne, gajere da dogo. Gajeren da yawa ba ya ɗaukar abin da ya wuce 28. In ka tilasta masa, ranar da ka sa babban faranti da babbar giya tare, sarƙa ta ɗaure, hannun ya karye ya faɗa cikin sifok. Na ga wannan da idona, wili ya tashi daga aiki, mai keken ya dawo a bayan a-kori-kura. In za a canza giya, a duba hannun, a ƙara tsawon sarƙa.

Na biyu taya. Siririyar nan mai milimita 23 ku bar ta a gida. Ku sa 28, wanda kekensa zai ɗauki 32 ya sa. Masu birkin roba su auna tukuna, da yawa 28 ce iyakarsu. Na uku, kuma shi ne wanda ake mantawa: bawul. Tib ɗin keken tsere siririn bawul gare shi, mai faci na ƙauye kuwa bakin famfonsa na babur da mota ne. Kowa ya zo da famfonsa, da tib biyu ko uku, da ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a kan bawul ya karɓi famfon mota. Kada ku sa rai za ku sami tib mai girman wilinku a kasuwar Nguroje.

Baffa Hamman: Ba za su samu ba. Na babur kam ko nawa suke so.

Sadiq Gwammaja: Na ji, kuma na gode. A ce mun raba shi biyu, mu kwana a Maisamari ko Nguroje. Amma maganar iyaka fa? Ni gaskiya ita ce ta ja ni. A ce mutum ya tuƙa keke har inda Najeriya ta ƙare.

Baffa Hamman: Kwalta tana ƙarewa tun kafin Najeriya ta ƙare, ɗana. In ta Mayo Ndaga za ka bi zuwa Kan Iyaka, daga wajen Nguroje za ka ratse, kuma jar ƙasa ce. In ta Dorofi ne, sai ka gangara daga Gembu ka haye kogin Donga, can ma ƙasa ce. Da damina laka ce mai kama ƙafa, ba don ado tsofaffin Land Rover suka yi suna a wajenmu ba. Da rani lakar ta bushe da sawun tayoyin da suka bi ta, ta zama kunya-kunya kamar gonar dankali, ƙura kuma ta rufe ramukan. Babur yana bi, keken dutse mai faɗin taya zai bi. Wannan naku mai ƙafar sauro ban ce ba zai je ba, amma a kafaɗa zai yi rabin tafiyar.

Usmanu Ɗan Banyo: Salamu alaikum jama'a, ina karantawa daga wannan gefen na Kamaru. Malam Sadiq, ka bambance abu biyu: zuwa bakin iyaka da tsallake ta. Mutanen ƙauyukan nan suna shiga suna fita kullum, kasuwa ɗaya suke ci, aure ɗaya suke yi, jami'ai sun san fuskarsu. Kai baƙo ne, da hular kwano da tabarau da na'ura a kan keke, babu wanda zai ɗauke ka ɗan ƙauyen. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka kada ka dogara da abin da ake nunawa a iyakokin ƙasashen ƙungiyar. Ka zo da fasfo, ka zo da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, jandarma suna tambayarsa. Ka riƙe 'yan sefa. Hoto kuma, in ka ga shinge ko tuta ko mai kaki, mayar da wayar aljihu sai ka nemi izini.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Iyakar Mambila ba ɗaya ba ce. Gefenmu na Banyo yana cikin yankin Adamawa na Kamaru. Gefen kudu maso yamma kuwa yana kallon yankin Arewa maso Yamma, inda rikicin 'yan aware ya ɓarke tun wajen 2017, har mutane suka yi gudun hijira zuwa Taraba. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Duk inda za ku nufa, ku tambayi mutanen gari a ranar, ba labarin watan jiya ba.

Malam Bello Yola: Tunda an zo nan, bari malamin tarihi ya sa baki. Wannan iyakar da Sadiq yake son taɓawa ƙarama ce a shekaru. Mambila tana cikin Kamarun Jamus har Yaƙin Duniya na Ɗaya, an ma gwabza a dutsen Banyo a 1915. Bayan yaƙin aka raba ƙasar tsakanin Ingila da Faransa, Mambila ta faɗa hannun Ingila, Banyo ta faɗa hannun Faransa. A watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, Arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Najeriya, ya shigo ranar 1 ga Yuni, aka kira shi Lardin Sardauna. Sunan da ƙaramar hukumar da Gembu take hedikwatarta ke ɗauke da shi har yau ke nan. Hukuncin kotun duniya na Oktoban 2002 da kowa ya sani da Bakassi, ai dukkan iyakar ya shafa, daga Tafkin Chadi har teku. Don haka in Usmanu ya ce aure ɗaya suke yi, ba daɗin baki ba ne, zumuncin ya girmi layin.

Usmanu Ɗan Banyo: Kakata ta wajen uwa 'yar Mayo Ndaga ce, Malam. Har ta rasu ba ta taɓa cewa za ta Najeriya ba, cewa take za ta gida.

Abba Jirgi: Tarihi ya yi daɗi, amma mu dawo kan keke. Ni har yanzu ban ga abin da zai hana yini ɗaya ba. A Kigali a watan Satumban 2025, gasar duniya ta tseren keke a kan titi ta farko a Afirka, Pogačar da ya lashe ta ya yi sama da kilomita 260 da hawan da ya haura mita 5,000 a 'yan awoyi. Mu wajen rabin wannan kawai za mu yi.

Maman Ilham: Abba, shi an rufe masa hanya, mota tana biye da shi da keke na biyu a sama, ana miƙa masa ruwa yana tafiya, kuma sana'arsa ke nan tun yana yaro. Kai ranar Litinin kana shago a Kantin Kwari. Ka tsaya a matsayinka.

Abba Jirgi: Anti, ai ba sai an tona min asiri ba.

Maman Ilham: Gara ni in tona da dutse ya tona. Kuma tunda na karɓi magana, ga abin da ba wanda ya ambata. Kun yi ta zancen hawa, ni saukowa ce take hana ni barci. Aikina jinya ne, kuma masu keken da ake kawo mana ba a hawa suke faɗuwa ba. Ranar dawowa za ku gangaro Mayo Selbe a gajiye, kwana bayan kwana, ga tsakuwa a bakin kwalta, ga mota tana hawowa ta cinye hannunku don ta kauce wa rami. Daga can zuwa babban asibitin da zai iya aikin kai ko ƙashin baya tafiya ce ta awoyi. Sharaɗina uku, in babu su ni da ƙawata ba ma zuwa: hular kwano a kan kowa, motar rakiya a baya da akwatin magani, kuma wanda ya ji hannunsa ya gaji ya ɗora keke a mota ba tare da an yi masa dariya ba.

Oga Lawal Bakanike: Hajiya ta taɓo inda yake. Mai birkin roba, in ya damƙe birki ya riƙe tun daga sama, gargaren yana ɗaukar zafin da in ka sa yatsa sai ka janye. Zafin nan yana iya fasa tib, kuma tayar gaba in ta fashe a kwana babu dabara. Ana kamawa ne da ƙarfi kafin kwana, a saki, a bar shi ya sha iska, a sake kamawa. Na gaba shi ne mai tsayar da keke, kada tsoro ya sa ku dogara da na baya kaɗai. Ku tsaya sau biyu ko uku a hanya ku taɓa gargaren. Masu birkin faifai sun fi samun sauƙi, amma su ma su zo da sabon takalmin birki, kuma su kada su taɓa faifan da hannu. Mai gargaren kabon da birkin roba kuwa, shawarata ya ari wili na alminiyam.

Alhaji Sani Mai Raleigh: Motar rakiya! To me ya rage na tafiyar keke? Ku hau motar mana gaba ɗaya ku huta.

Sadiq Gwammaja: Alhaji, Allah ya ƙara girma, a nan ba na tare da kai. Mota ba don raggo ba ce. Ita za ta ɗauki ruwa da barguna da kayan gyara. Ba ma tafiyar dare a hanyar Bali, kuma ba na son duhu ya same mu da wani a baya shi kaɗai.

Alhaji Sani Mai Raleigh: Na ji. Amma a ajiye min kujerar gaba, in zo in ga yadda Abba zai yi la'asar a Gembu.

Hafiz Ɗorayi: Tambaya daga gefe. Sallah fa? Da kuma kayan nan namu masu ɗame jiki, za mu shiga ƙauyukan mutane da su haka?

Malam Bello Yola: Tafiyar ta kai ta ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma matafiyi yana da sauƙin haɗa azahar da la'asar. Kaya kuma, ni dogon wando mara nauyi nake ɗorawa a kai, ko in ajiye shi a aljihu in zura kafin in shiga gari. Gajeren wandon ciki mai soso shi ne mai aikin, ba sai duniya ta gan shi ba.

Baffa Hamman: Malam ya faɗi daidai, kuma sanyi ma zai sa ku rufe jiki ko ba ku so. Ku da kuka saba da zafin Kano, za ku bar Serti kuna gumi, ku isa Nguroje kuna neman wuta. Da safe hazo yana kwanciya a cikin kwaruruka, ka tsaya a kan tudu ka ga kawunan tuddai kawai da layin itatuwan turare, in ka gangara cikinsa ba ka ganin abin da ke gabanka taku ashirin. Kada ku fita da duhun asuba kamar yadda Sadiq ya tsara. Ku sha shayi, ku bari rana ta ɗaga shi. Kowa ya sa fitila mai walƙiya a baya.

Sai shanu. A Mambila hanya tasu ce kafin ta zama taku. In kun tarar da garke yana tsallakawa, kada ku buga ƙararrawa, kada ku kutsa tsakiya. Ku sauka, ku tsaya gefe, keke tsakaninku da su, ku yi wa makiyayi sallama. Jajayen nan masu dogon ƙaho ba su saba da abin da ke tahowa shiru a guje ba, saniya mai ɗan maraƙi kuma ba ta da wasa. Wayar da za ku gani an kewaye tuddai da ita, kada wani ya ɗaga ta ya shiga don hoto. Ƙasa a wajenmu magana ce mai nauyi tsakanin makiyaya da manoma, an rasa rayuka a kanta a watan Yunin 2017, kuma ba a manta ba. Baƙo ya gaisa da kowa, ya sayi nonon wannan, ya sayi ayabar wancan, ya bar siyasar gari ga masu gari. In kun sauka a ƙauye ku fara da gidan mai gari ko Arɗo.

Maman Ilham: Baffa, abinci fa a hanya? Don a irin wannan tudun, wanda ya jira sai ya ji yunwa ya makara.

Baffa Hamman: 'Yata, yunwa ba za ta kashe ku ba. Ayaba, fiya, dankali, masara, kindirmo, nama kuwa sai kun ture. Tsakanin gari da gari ne babu komai, sai ku cika aljihu. Ku taho da dabino da ƙuli-ƙulinku.

Maman Ilham: To kowa ya ji. Loma kaɗan duk rabin awa, tun daga awar farko. Ruwa kuma ko ba ƙishi, don sanyi yana ɓoye shi. Ruwan rafi komai kyansa kada a sha, shanu suna sama.

Injiniya Tukur: Wane wata, Baffa? Ni na fi son hutun ƙarshen shekara.

Baffa Hamman: Ruwanmu yana farawa da wuri, wajen Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba, wani lokaci ya taɓa Nuwamba. In kuna son ciyawa kore da hanya busasshiya, ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. In kuka kai Janairu an fara ƙona ciyawa, tuddai sun yi baƙi, ƙurar hunturu ta rufe nesa, ga sanyin dare. Tuƙi zai yiwu, amma abin da kuka zo gani ya ragu.

Kuma ni da za ku ji tawa, kwana uku za ku yi a sama, ba biyu ba. Ranar farko Serti zuwa Maisamari, ku kwana, wannan hawan ya ishi yini. Rana ta biyu gajera: ku tsaya a Yelwa, ku ajiye kekuna, ku taka zuwa dajin Ngel Nyaki, kurmi ne na kan dutse irin wanda ya yi saura kaɗan a ƙasar nan, masu bincike suna zaune a wurin. Ku kwana a Nguroje. Rana ta uku ku ratsa Kakara ku ga gonar shayin da ake yin Highland Tea, layi-layi a jikin tudu, masu tsinka da kwando a baya, sannan ku gangara Gembu. Wanda ya zo Mambila ya sunkuyar da kai yana kallon tayar gabansa daga safe har yamma, me zai ce ya gani?

Hafiz Ɗorayi: Dutsen Chappal Waddi fa, ana hango shi daga hanya?

Malam Bello Yola: Wannan wata tafiyar ce daban, Hafiz. Mita 2,419, babu wanda ya fi shi tsayi a Najeriya, yana kan iyaka ta gefen Gashaka Gumti. Da ƙafa ake hawansa, da ɗan jagora da izinin hukumar dajin, kwanaki ake yi. Kada a cusa shi cikin wannan.

Sadiq Gwammaja: To, ga inda na tsaya. Na karɓi kwana uku na Baffa, makon ƙarshe na Nuwamba in Allah ya kai mu. Motar rakiya dole, kuɗinta a raba daidai har da wanda ya ce ba ya buƙatarta. Keke ya tsaya a Gembu. Amma iyaka ban haƙura ba. Rana ta huɗu, in mutanen gari sun ce lafiya, ni da mai so za mu ɗauki 'yan acaba mu je mu gani mu dawo, ba tsallakawa.

Usmanu Ɗan Banyo: In ta Kan Iyaka ce ku sanar da ni da wuri, zan hau babur in tarye ku ta wannan gefen. Ku taho min da kilishi.

Abba Jirgi: Ni dai a rubuta cewa ban yarda ba. Ranar farko in mun isa Maisamari da sauran rana, zan wuce.

Maman Ilham: Ba za ka wuce kai kaɗai ba, mota ɗaya ce kuma tana bayan na ƙarshe. In kana da sauran ƙarfi ka gangara ka rako Hafiz.

Hafiz Ɗorayi: Anti, ni me na yi?

Injiniya Tukur: Kafin nan akwai gwaji mai sauƙi. Mu haɗu a Jos wata guda kafin tafiya, Jos tana wajen mita 1,200, mu yi kwana biyu a jere a kan tuddai da giyar da kowa zai tafi da ita. Rana ta biyun ita ce za ta faɗi gaskiya. Wanda ya tashi da ƙafa mai nauyi ya san abin da zai gyara.

Baffa Hamman: Ku ba ni adadinku kafin ƙarshen wata, maza nawa mata nawa, in yi maganar masauki a Maisamari da Nguroje. Ɗakunan ba su da yawa. Kowa ya zo da bargonsa.

Oga Lawal Bakanike: Ni kuma kowa ya juya kekensa ya ɗauko min hoton giyar baya da hannun canjinta, ya ƙirga haƙoran babbar ya rubuto, zuwa Alhamis. Kayan daga Legas ake aiko su, suna ɗaukar lokaci. Abba, har da kai, na san 25 ce a naka.